Ƙugiyar da Gwadabe Ya Ƙara

Mashigin Bakari,
Ta Kirikasamma, Ƙasar Haɗejiya,
20 ga Fabrairu, 1957.

Zuwa ga bawana Saje Tukur, wanda aka ce yanzu wakili ne a Majalisar Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zinariya da yara, kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarka Goggo Yelwa tana nan garau, sai ɗan ciwon gwiwa wanda bai hana ta faɗa ba. Matata Yakaka tana gaishe ku.

Kafin ka tambayi wanda ya rubuta mini, dubi rubutun da kyau. Hannuna ne. Ni Gwadabe, mai fito ɗan mai fito, da furfurata da komai, na yi wata takwas ina zaman tabarma a ajin yaƙi da jahilci na Malam Inuwa, har an ba ni takardar shaida. Na san layin yana hawa tudu yana gangarowa, amma hannun da ya shekara talatin yana tura jirgi da gora ba zai saba da fensir a wata takwas ba. Saboda haka ka daina yi mini taƙama da bokon da ka koyo a bariki. A gidan Kaka Bakari kai ɗan mace ne, ni ɗan namiji. Ko Gwamna aka naɗa ka, bawana kake, kuma yanzu ubangidanka ya iya karatu.

Ruwa ya janye, ya rage iya gwiwa a mashigi, kowa yana ratsawa da ƙafarsa yana yi mini sannu da hutawa. Na jawo babban jirgi kan yashi ina toshe masa ɓaraka. Alkamar fadama ta yi kyau bana, an fara yanka. Ranar Talata aka yi su, gari duka ya fita kamun kifi a tafkin bayan gari, tarwaɗa ta yi yawa har Yakaka ta ce in na ƙara kawo mata ko ɗaya, ni zan zauna gaban wutar banda.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Mako biyu da suka wuce wata mota ta kawo mutum huɗu da wani Bature. Suka kafa wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa, suka ja sarƙa daga wannan gaɓa zuwa waccan, suka buga turaku masu jan fenti, ɗaya ma a gindin gawon da nake ɗaure jirgi. Na ba su ruwa suka sha, sannan na tambayi babbansu. Ya ce jirgin ƙarfe za a kawo, mai ɗaukar motar gyaɗa sukutum, ana jansa da igiyar waya, kuma wani ɗan kwangila daga wani gari ne zai riƙe mashigin, shi da mutanensa. Na ce to mu fa? Ya ce shi awo kawai aka aiko shi.

Tukur, mu ajiye wasa. Kaka Bakari ya bar wa mahaifina mashigin nan, shi kuma ya bar mini. Ban iya wata sana'a ba, kuma ba na son in iya. Ranar zaɓe ni na wuni ina fito da mutanen tsallake don su zo su tsaya a bayanka, har hannuna ya yi kanta a kan kanta. Ban yi don ka saka mini ba, amma tunda kana inda ake yanke magana, ka bincika ka faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Ni ne ubangidanka,
Gwadabe.

*

Kaduna,
9 ga Maris, 1957.

Zuwa ga ubangidana Malam Gwadabe, sabon shiga boko.

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Na karanta sau uku, sau biyu don daɗi, sau ɗaya don in gano inda layin ya nufa. Wallahi na yi murna. Na nuna wa Zinariya, ta ce ashe duniya ta zo ƙarshe. Ka durƙusa ka gaida mini Iya, ka ce ta rage zuwa fadama da gwiwar nan, ko da yake na san amsar da za ka samu.

Kai ma ka yi haƙuri da nawa rubutun. Ka san yatsu biyu na hannun dama a yaƙin Bama na baro su, saura ukun ne suke wannan aiki.

Zaman nan babu laifi, alhamdu lillahi. An ba mu gida mai famfo a tsakar gida. Zauren Majalisa kuwa wani ƙaton ɗaki ne mai sanyi, da fanka a sama tana juyi, da kujeru masu laushi waɗanda ba su dace da wanda ya ci tuwo da rana ba. Maƙwabcin kujerata wani dattijo ne daga ƙasar Filato, mutumin kirki, da an fara karanta lissafi sai ya yi barci, ni nake zungurinsa in an zo ƙirga hannu. Ana magana da Turanci ana magana da Hausa, tafinta yana tsakiya yana gumi.

Abin kunya ɗaya zan faɗa maka, kada ya wuce kunnenka. Har yau ban buɗe baki ba. Ni da nake daka wa soja arba'in tsawa a dajin Bama su tsaya cak, a nan da na yunƙura zan tashi sai gwiwa ta ƙi. Akwai mutane a ɗakin nan da suke magana awa guda ba su haɗiyi yawu ba. Ni kuwa abin da zan faɗa duka bai wuce numfashi uku ba, sai in ga kamar bai kai a miƙe dominsa ba.

Maganar turaku, na bincika, gaskiya ce. Tana cikin takardun ayyukan hanya, amma an ɗage ta sai zaman watan Agusta. Ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta: jirgin ƙarfen nan ina son sa. Ka tuna bara waccan da buhunan gyaɗa suka yi kwana tara a gaɓa ana jiran a kwashe su kaɗan-kaɗan, har ruwan sama ya same su. Ka tuna marasa lafiyan da ake saukewa daga mota a kwantar a jirgi, a tsallake kuma babu wata motar. Mutanen da suka aiko ni nan ba masu fito ne kaɗai ba. Ban yi maka alkawarin komai ba sai abu ɗaya, ba za a yanke maganar mashigin kakanmu ina zaune shiru ba, ko da gwiwar za ta karye.

Tunda Yakaka ta gaji da tarwaɗa, a tausaya mana. Kifin garin nan kamar ana tauna auduga. Ka ba direban motar Kano bandar, ya san wanda zai miƙa wa.

Bawanka da ya fi ka kujera,
Tukur.

*

Mashigin Bakari,
14 ga Yuli, 1957.

Zuwa ga bawana, beben Majalisa.

Bayan gaisuwa, barkanku da Sallah. Mun yi layya lafiya, Goggo ta ci hanta ta ce ragon bai kai na bara ba. Na daɗe ban rubuto ba saboda azumi ya zo, shuka ta biyo baya, sannan fensirina ya faɗa ruwa. Wannan na Malam Inuwa ne na aro. Ina fata bandar ta iso ba tare da direba ya ɗanɗana da yawa ba.

Sabon ruwa ya iso ranar Laraba, ja wur da shi, yana tafe da kumfa da karare. Na tura babban jirgi, bai sha ko cokali ba. Yanzu masu yi mini sannu da hutawa su ne suke tsaye a tsallake suna kiran Gwadabe, Gwadabe, ni kuwa sai na gama shan furata. Shinkafa ta tsiro a fadama, shanun Fulani sun hau tudu, agwagin ruwa sun cika wuri. Da safe in na tsaya a bayan jirgi, gora a hannuna, iska tana bugun fuskata, ba na jin akwai wanda ya fi ni zama lafiya a ƙasar nan, har da masu fanka.

Wani abin dariya. Yashin da masu awo suka buga turke a kansa ya tashi ya koma ƙasa da gawo, wurin kuma ya zama gurbi, gorata duka ba ta taɓa ƙasa. Haka kogin nan yake yi duk shekara, sai dai ba su tambaya ba.

Na karanta inda ka ce kana son jirgin ƙarfe. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar. Amma ni na ce ka faɗi gaskiya. Na karanta wa Goggo, ta ce tun kana yaro haka kake, sai an tambaye ka hanya ka fara bayanin rami. Ina jiran Agusta.

Ubangidanka,
Gwadabe.

*

Ofishin Majalisa, Kaduna,
16 ga Agusta, 1957.

Zuwa ga Gwadabe.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Iya da Yakaka. Mu lafiya lau. Hannuna ya kumbura saboda damina, ba ya rike alkalami, shi ya sa akawu yake buga maka wannan da keken rubutu. Keken na Turawa ne, ba shi da kugiya ko daya, sai ka sa da kanka inda ta dace, tunda ka zama malami.

A takaice, jiya aka gama maganar jirgin karfe. Zai zo badi. Majalisa ta karbi shawarar da na kawo, wadda za ta kare fiton Mashigin Bakari daga yau har illa ma sha Allahu. Ni na mike na nema da bakina, kuma ban yi da-na-sani ba. Bayanin yana da tsawo, sai mun hadu.

Gobe kwamitin duba hanyoyi zai fita rangadin larduna, da ni a ciki, mako shida ko fiye. Ka yi hakuri da gajeriyar takarda.

Naka,
Tukur.

*

Mashigin Bakari,
27 ga Agusta, 1957.

Zuwa ga mai girma Wakili Malam Tukur.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Goggo tana lafiya.

Takardarka ta keke ta zo. Na yi yadda ka ce. Na zauna a gindin gawo da fensir, na bi ta kalma kalma. Rike na mai da shi riƙe, karfe na mai da shi ƙarfe, badi baɗi, hakuri haƙuri. Ina yi ina jin daɗi, ina cewa yau ga ni ina gyara wa Majalisa rubutu. Har na zo kan layin da ka ce shawararka za ta kare fiton Mashigin Bakari. Na sa mata tata ƙugiyar, na karanta: za ta ƙare fito. Sai na ajiye fensirin.

Da wani ne ya nema, kai ka rasa bakin hanawa, da na ce gwiwa ce ta ƙi kamar kullum, in yi maka dariya in haƙura. Amma ka ce kai ka miƙe, da bakinka, kuma ba ka yi da-na-sani ba. Wata shida kana zaune shiru a ɗakin nan, ashe ranar da bakinka zai buɗe a kaina zai buɗe. Ya yi mini ciwo, Tukur. A jirgin nan aka kai ka tsallake ranar da za ka tafi soja, a cikinsa na ɗauko ka ranar da ka dawo da hannu a naɗe, kana rawar zazzaɓi, na lulluɓa maka rigata.

Na karanta wa Goggo. Ta ce ita ba ta yarda da magana da ƙarfe ya buga ba, a jira mai maganar ya zo. Ita uwa ce, dole ta faɗi haka.

Ba zan tsaya baɗi in ga baƙo yana ba da umarni a gindin gawon nan ba. Garba na Guri ya daɗe yana son babban jirgi, mun yi magana mun daidaita. Zan ƙarasa wa mutane fiton wannan ruwan don kada su wahala, Juma'ar da ke bayan Mauludi ya zo ya tafi da shi. Ni da Yakaka za mu bi masunta zuwa Chadi. An ce can ruwa ba shi da turaku.

Allah ya ƙara girma.
Gwadabe mai fito.

*

Mashigin Bakari,
18 ga Satumba, 1957.

Zuwa ga Wakili.

Muna lafiya. Mako uku ke nan ban ga amsa ba. Na san ka ce za ka yi rangadi, amma na ɗauka takarda tana bin manya duk inda suka je. In shirun shi ne amsar, na ji.

Ruwa ya cika makil, ya shafe fadama har bakin gonar Bulama. Shinkafa ta yi kyau ƙwarai. Goggo ta ƙi yarda a yi maganar inda za ta zauna bayan tafiyarmu, ta ce ba inda kowa zai je. Ya kamata ka turo wanda zai ɗauke ta zuwa Haɗejiya, ko ka zo da kanka. In ka zo kafin Mauludi za ka sami mai fito da kai.

Gwadabe.

*

Kaduna,
30 ga Satumba, 1957.

Zuwa ga ubangidana Gwadabe, sarkin masu ƙugiya.

Yau da hantsi na sauka daga rangadi, na tarar da takardunka biyu a kan tebur suna jirana. Ko takalmi ban cire ba nake rubuta wannan, da yatsuna uku, ko za su kumbura su fashe. Lafiyarmu ƙalau. Ka gaida Iya, ka ce mata ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan.

Kai Gwadabe. Kalmar nan ba ta da ƙugiya. Kare na ce, karewa, irin yadda kake kare fitila da tafin hannu in iska ta taso. Shawarata za ta kare fitonka, ta tsare shi. Na ce ka sa ƙugiya inda ta dace, ban ce ka bi kowane harafi kana ɗana masa kamar mai kamun tarwaɗa ba. Da na karanta ta farko na yi dariya har Zinariya ta leƙo. Da na kai kan maganar rigar da ka lulluɓa mini, dariyar ta tsaya. Laifina ne ni ma. Magana irin wannan ba a ba keke ita a layi uku a tafi rangadi.

Ga abin da aka yanke. Jirgin ƙarfe zai zo don motoci, wannan ban hana ba, ban kuma so in hana ba. Amma babu ɗan kwangila. Mashigi yana hannun mai fito na gado. Shi zai nuna inda za a kafa jirgin kowace shekara, shi zai zaɓi masu jansa, shi zai ce yau a ƙetare ko yau a dakata. Fiton mutane da dabbobi a jirgin katako kuma ba mai taɓa shi. An rubuta, an sa hannu.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi, tunda ka ce bebe ne ni. Da aka karanto maganar, na ji ƙafafuna sun miƙe ba da shawarata ba. Maimakon in ce ya Shugaba kamar yadda ake yi, sai na buga ƙafa na ƙame na sara masa. Ɗakin duka ya fashe da dariya, har maƙwabcina ya farka. Da na ga an riga an yi dariyar, sai tsoron ya tafi.

Na ce musu a Bama mun taɓa isa wani kogi da rana tsaka, muna da jiragen ƙarfe, muna da injiniyoyi, muna da taswira. Aka zaɓi wuri mai kyan gani aka tura. Motar farko ta nutse da mutum uku a ciki, ɗaya abokina ne, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Akwai wani tsoho ɗan ƙasar a zaune a gaɓa kusa da ɗan jirginsa, tun isowarmu yake ɗaga mana hannu yana nuna sama, ba wanda ya kula shi don ba ma jin yarensa. Ni na gane abin da yake nufi, domin na ga yadda ruwan yake murɗawa, irin murɗawar da Kaka Bakari yake nuna mana da bakin gora. Na je na kamo hannunsa na kai shi gaban hafsa. Inda ya nuna, nan bataliya duka ta ƙetare, ko akwati bai jiƙe ba. Na ce musu a Mashigin Bakari ma akwai irin tsohon nan, ɗan kawuna ne, yashi yana tashi duk damina kuma shi kaɗai ya san inda ya koma. Na ce ku kawo ƙarfenku muna so, amma ku bar shi a hannun wanda ya san ruwan. Na zauna. Duka maganar ba ta kai minti biyar ba, rigata kuwa ta jiƙe sharkaf.

Ka yafe mini tsohon da na kira ka a gaban Majalisa, ya shiga littafi, ba ya gogewa.

Kada ka ba Garba jirgin nan. Na so in buga waya, wato telgiram, sai na tuna ita ma ba ta da ƙugiya, na ji tsoron abin da za ka ɗana mata. Zan kai wannan tasha da kaina in sa a jirgin ƙasa na Nguru. Allah ya sa ta riga Juma'ar.

Bawanka,
Tukur.

*

Mashigin Bakari,
13 ga Oktoba, 1957.

Zuwa ga Tukur.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Goggo lafiya, Yakaka lafiya. Jirgi yana ɗaure a gindin gawo.

Saura ƙiris. Takardarka ta yi kwanaki a Haɗejiya saboda ruwa ya yanke hanya, sai shekaranjiya Juma'a Sa'idu masinja ya iso da ita. Da hantsi na hango mutum biyu a tsallake suna ɗaga hannu, ashe shi ne da Garba, sun haɗu a hanya. Na je na ɗauko su. A raina ina cewa wannan ne fitona na ƙarshe, na yi ta jan tafiyar a hankali har Garba ya tambaya ko ba ni da lafiya. Ashe maganarka tana cikin jaka a gaban ƙafata.

Da muka sauka Sa'idu ya miƙo mini. Na ga hannunka, na cusa a hula, na ce sai an gama abin da aka zo yi. Goggo tana zaune a kan turmi, ta fito wai ganin wanda zai iya kwance jirgin ubanta tana raye. Ta ce in karanta yanzu, da ƙarfi, ko ta kai wa Malam Inuwa ya karanta a masallaci. Haka na tsaya a gaban Garba da masinja da matan da suka zo wanki, na karanta wautata da bakina tun daga farko har ƙarshe. Wajen da ka sara wa Shugaba mutane suka yi ta dariya. Wajen tsohon Bama ba wanda ya yi motsi.

Garba ɗan halak ne. Na fara ba shi haƙuri don na saɓa magana, ya ce in bari, shi dama yana ta tunanin yadda zai wuce da jirgin ta gaban tsohuwar nan. Ya ce amma tafiyar da ya sha sai an biya shi da tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya ci malmala uku, na mai da shi tsallake da la'asar. Goggo kuwa ba ta yaba maka kai tsaye ba, ka san ta. Ta dai tashi ta kaɗe zane ta ce sojan nan bai iya rubuta takarda ba, amma ba a gidansu ya koyi cin amana ba. Yakaka ta kwance ƙunshin kayan Chadi tana yi mini waƙar tsiya. Yanzu duk garin Malam Ƙugiya suke kirana, kuma na san da shi za a binne ni.

Na nuna wa Malam Inuwa takardar keken. Ya ce ba laifina ba ne, kalmar tana karantuwa ta kowace fuska, ko shi zai iya rikicewa. Na gode masa, amma ban karɓa ba. Jiya na wuni a kan ruwa ina tunani. Tunda tana karantuwa ta fuska biyu, me ya sa ban ko tsaya na gwada ɗayar ba? Keke bai sa ƙugiyar nan ba, akawu bai sa ba, kai ba ka sa ba. Ni na sa ta da hannuna, ban yi jinkirin ko numfashi ɗaya ba, saboda tun ranar da ka tafi Kaduna wani gefe na zuciyata yake jiran ranar da za ka zama nasu. Kana can tsaye a gaban manyan ƙasa saboda ni, ni kuwa ina nan na gama yanke maka hukunci. Wannan ya fi rasa jirgin yi mini nauyi.

Ban taɓa roƙonka komai ba tare da zolaya a ciki ba, yau na roƙa. Ka yafe mini, ɗan'uwana.

Ka rubuto ranar da za ka sauka a tashar Malam Madori. Ruwa yana nan da sauransa har ƙarshen wata, zan jira ka a gaɓar can tun safe.

Gwadabe.